Rajista Ɗaya, Alƙalami Da Yawa: Nazarin Matsalar Izini Idan Manhajoji Suka Yi Tarayya a Fayil ɗin Log Guda

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci wata matsala da masu kula da sabar Linux ke yawan cin karo da ita: manhajoji biyu ko fiye suna rubuta bayanan aikinsu a fayil guda, sai wata rana ɗaya daga cikinsu ta wayi gari an hana ta rubutu. An bi diddigin yadda tsarin Unix ke tantance mai fayil da izinin da ke kansa, aka nuna cewa tushen matsalar yana wajen wanda ya fara ƙirƙirar fayil ɗin. An duba illar maganin gaggawa da aka fi yi, wato buɗe fayil ko folda ga kowa da kowa, tare da kafa hujja da kafofin kutse da aka bankaɗo a 2016. Daga nan aka auna hanyoyin gyara huɗu. Matsayar takardar ita ce, rajistar aiki shaida ce, darajarta kuwa tana raguwa gwargwadon yawan hannayen da ke iya taɓa ta. Don haka abin da ya fi dacewa shi ne a naɗa marubuci ɗaya, sauran manhajoji su riƙa kai masa rahoto.

1.0 Gabatarwa

Duk ma'aikatar da ta san abin da take yi tana da littafi a bakin ƙofa, inda mai gadi ke rubuta wanda ya shiga, da wanda ya fita, da lokacin da hakan ya faru. Ba a cika tunawa da littafin ba sai ranar da wani abu ya ɓata. A ranar ne kowa ke tambayar inda yake, da kuma ko za a iya gaskata abin da ke cikinsa.

Manhajojin kwamfuta ma suna da irin wannan littafi. Masu shirya manhaja suna kiransa log, a wannan takarda kuwa za a kira shi rajista. Fayil ne na rubutu da manhaja ke ƙara wa layi duk lokacin da wani abu ya faru: an shiga asusu, an biya kuɗi, an yi kuskure, an hana wani shiga. A sabar Linux, akasarin waɗannan fayiloli suna zaune ne a foldar /var/log.

Matsala tana tasowa ne idan marubuta suka yi yawa. Shafin intanet guda ɗaya yana iya ƙunsar manhajar da ke amsa wa baƙi, da wadda ke aiki a kan jadawalin lokaci, da wadda ke aika saƙonni a bayan fage, da umarnin da injiniya ke bugawa da hannunsa. Kowacce tana gudana da sunan wani asusu dabam, amma duk an umarce su da su yi rubutu a fayil ɗaya. Tambayoyin da takardar ke son amsawa uku ne. Me ya sa wannan tsari ke lalacewa bayan ya yi kwanaki yana aiki lafiya? Me ake asara idan aka yi masa gyaran gaggawa? Wane gyara ne zai ɗore?

2.0 Yadda Unix Ke Raba Izini

An fara gina Unix a 1969 a Bell Labs da ke Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu. Tsarin izinin da suka kafa shi ne Linux ya gada, kuma bai sauya sosai ba har yau.

2.1 Mai shi, rukuni da saura

Kowane fayil yana da mai shi guda ɗaya da rukuni guda ɗaya. Izini iri uku ne: karantawa mai lamba 4, rubutawa mai lamba 2, da gudanarwa mai lamba 1. Ana tara lambobin nan a ba mai fayil nasa, a ba rukuni nasa, a ba sauran jama'a nasu. Fayil mai lamba 644 mai shi na iya karantawa da rubutawa, kowa kuma sai dai ya karanta. Mai lamba 660 mai shi da rukuninsa ne kaɗai ke iya taɓa shi. Kanel, wato zuciyar tsarin, bai san sunayen asusu ba, lambobinsu kawai ya sani. Asusun www-data lambarsa 33 ce a Debian, amma 82 ce a Alpine. Asusun root, mai iko a kan komai, lambarsa 0.

2.2 Wanda ya riga shi ne mai fayil

Idan manhaja ta nemi buɗe rajista ta tarar babu ita, ita ce za ta ƙirƙira. Nan take asusun da manhajar ke gudana da sunansa ya zama mai fayil, rukuninsa kuma ya zama rukunin fayil ɗin. Yawancin manhajoji suna neman izini mai lamba 666, sai kanel ya zaftare wani ɓangare bisa wani ma'auni da ake kira umask. Ma'aunin da aka fi samu shi ne 022, wanda ke cire izinin rubutu daga rukuni da sauran jama'a, sai a tashi da 644. Ma'anar haka a aikace ita ce, wanda ya fara isowa ya rufe ƙofa ga na bayansa, ba tare da ya yi niyya ba.

2.3 Abubuwa biyu da ake yawan mantawa

Na farko, ana duba izini ne a lokacin buɗe fayil, ba a kowane rubutu ba. Manhajar da ta riga ta buɗe za ta ci gaba da rubutu ko da an sauya izinin, ko an sauya sunan fayil ɗin, ko ma an goge shi. Wannan ne ya sa kuskuren yau ba ya bayyana sai ranar da aka sake tayar da manhaja, wataƙila bayan makonni. Apache, manhajar da ke amsa wa baƙin shafukan intanet, shi ma da wannan ƙa'ida yake aiki: uwar manhajar ke buɗe rajista da ikon root, 'ya'yanta marasa iko su gaji fayil ɗin a buɗe, su yi ta rubutu a ciki alhali ba za su iya buɗe shi da kansu ba.

Na biyu, goge fayil ko sauya masa suna bai dogara da izinin fayil ɗin ba, ya dogara ne da izinin foldar da yake ciki. Duk wanda ke da izinin rubutu a folda zai iya cire fayil ɗin da ba nasa ba, ya ajiye wani a gurbinsa. A kan wannan gaɓa ce duk batun tsaro da ke tafe ya rataya.

3.0 Yadda Matsalar Ke Faruwa a Aikace

Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne shafin da aka gina da Laravel, ɗaya daga cikin sanannun tubalan gina shafuka da harshen PHP. Laravel yana ajiye rajistarsa a foldar storage/logs, ta hannun wata manhaja mai suna Monolog. Idan aka zaɓi tsarin kullum-kullum, kowace rana tana da sabon fayil mai ɗauke da kwanan wata a sunansa.

A ce sabar tana kan Debian ko Ubuntu. PHP yana amsa wa baƙi da sunan www-data. Injiniya kuma ya sa aikin jadawali a cron, wato mai kiran ayyuka bisa lokaci, da sunan root, inda ake kiransa kowane minti. Muddin www-data ne ya riga yin rubutu a ranar, babu abin da zai faru, domin root ba ya neman izinin kowa. Amma ranar da aikin jadawali ya riga rubuta layi bayan sha biyun dare, sabon fayil zai fito mallakar root, mai lamba 644. Baƙo na farko da ya sa shafin ya nemi rubuta wani abu, kanel zai mayar da kuskure mai lamba 13, wato an hana izini. Monolog zai ɗaga ƙara cewa ya kasa buɗe fayil, Laravel zai nemi rubuta wannan ƙarar a fayil ɗin da aka hana shi, baƙo kuma ya ga shafi mai kuskure 500. Injiniya ya buɗe rajista da safe bai ga komai a kan lamarin ba.

Abin da ke wahalar da bincike shi ne rashin tabbas. Jiya lafiya, yau ba lafiya, gobe kuma lafiya, alhali ba wanda ya taɓa komai. Tsere ake yi kowane dare a kan wanda zai ƙirƙiri fayil, sakamakon tseren ne ke yanke hukuncin yinin. Haka lamarin yake idan injiniya ya buga umarni da sudo, wato da ikon root, sau ɗaya, ko idan kwantena biyu na Docker suka haɗa folda guda, ɗaya tana gudana da lamba 33 ɗaya da 82, ko da sunan asusun iri ɗaya ne.

4.0 Maganin Gaggawa da Abin da Yake Jawowa

Shafi ya tsaya, waya tana ta ƙara, shugaba yana jiran bayani. A irin wannan hali hannu yakan tafi ga umarnin sauya izini chmod 777 a kan foldar gaba ɗaya, ko 666 a kan fayil. Shafin yakan tashi nan take, shi ya sa wannan ɗabi'a ta yaɗu. Sai dai garin neman gira ne ake rasa ido, domin abin da aka saya da wannan umarni bai kai abin da aka sayar ba.

4.1 Gogewa da ƙirƙirar ƙarya

A tsarin Unix na gargajiya babu izinin ƙari kawai. Wanda aka ba damar ƙara layi an ba shi damar share fayil ɗin baki ɗaya, ko gyara layin da ya wuce. NTFS na Windows ya bambanta izinin ƙari da na rubutu, amma lambobin Unix ba su yi ba. Saboda haka idan manhajoji biyar suna rubutu a rajista ɗaya, ɓarawon da ya fasa mafi rauninsu ya sami ikon goge sawunsa da sawun sauran huɗun. Yana kuma iya rubuta layi da sunan wata manhaja, domin fayil ba ya tuna wanda ya rubuta kowane layi. Littafin ƙofar da kowa ke ɗaukar alƙalami ya rubuta abin da ya ga dama ba zai tsayu a gaban mai bincike ba.

4.2 Tonon asiri

Rajista takan haɗiye abin da ba a yi nufi ba: adireshin imel, lambar waya, makullin shiga, wani lokaci har kalmar sirri. A watan Mayun 2018 kamfanin Twitter ya sanar da cewa wani kuskure ya sa kalmomin sirri suna shiga rajistarsa ta cikin gida ba tare da an ɓadda su ba, ya kuma nemi masu amfani da shi sama da miliyan 300 su sauya nasu. Idan hakan ta faru a babban kamfani mai ɗimbin injiniyoyi, ƙaramar saba ba ta da dalilin sakankancewa. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, rajista kuwa tana cikin wuraren da irin waɗannan bayanai ke kwana. Gudun irin wannan tonon asiri ne ya sa Debian ke ajiye rajistar Apache da lamba 640, mai shi root, rukuninta adm, don kada kowa ya karanta sai wanda aka ba amanar dubawa.

4.3 Daga folda zuwa ikon root

Hatsarin da ya fi girma yana tasowa ne idan root yana buɗe fayil a foldar da ƙaramin asusu ke iya rubutu. A 2016 mai binciken tsaro Dawid Golunski ya bayyana wata kafa a yadda Debian da dangoginsa suka shirya Nginx, manhajar amsa wa baƙi irin Apache, aka ba kafar lamba CVE-2016-1247. Foldar /var/log/nginx ta kasance mallakar www-data. Wanda ya sami shiga da wannan asusu sai ya cire rajistar kurakurai, ya ajiye a gurbinta fayil mai nuni da ke kaiwa ga /etc/ld.so.preload, wato fayil ɗin da ke faɗa wa tsarin abin da zai loda kafin kowace manhaja. Da lokacin juya rajista ya yi, wanda a Debian na wancan lokaci yake zuwa da ƙarfe 6:25 na safe, uwar Nginx mai ikon root za ta sake buɗe rajistar, ta bi nunin, ta ƙirƙiri wancan fayil, ta kuma miƙa shi ga www-data. Daga nan sabar ta zama ta ɓarawo. Gyaran da aka yi shi ne mayar da foldar hannun root.

A shekarar dai, mai binciken ya nuna irin wannan kafa a Tomcat, mai lamba CVE-2016-1240, da kuma a MySQL, mai lamba CVE-2016-6664. Duka ukun tushensu ɗaya: babban asusu yana amincewa da sunan fayil a wurin da ƙaramin asusu ke iya sauya abin da sunan ke nufi. Takardun Apache da kansu sun daɗe suna gargaɗin cewa mai iya rubutu a foldar rajistarsa yana dab da samun ikon asusun da ya tayar da shi, wanda galibi root ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, lamba 777 kuwa rushe bangon take yi.

Masu gina Linux sun toshe wasu kafofi. Kanel na 3.6 a 2012 ya kawo kariya daga fayiloli masu nuni a folda irin /tmp, na 4.19 a 2018 kuma ya ƙara wata da ke iya hana manhaja buɗe fayil ɗin wani a can da niyyar ƙirƙira, ko da lambarsa 666 ce. Wannan ya sa tsohuwar dabarar ajiye rajistar tarayya a /tmp ta daina aiki a sabobi da dama. A Red Hat da makamantansa kuma, SELinux yana iya hana rubutu duk da 777 idan alamar foldar ba ta dace ba. Maganin gaggawar ke nan ba ya ma warkarwa a ko'ina.

5.0 Abin da Izini Kaɗai Ba Ya Warwarewa

Ko an daidaita izini, akwai sauran rina a kaba. Manhajoji biyu da suka buɗe fayil guda kowacce tana riƙe da nata lissafin inda ta tsaya, don haka ɗaya na iya rubutu a kan na ɗaya. Maganin wannan shi ne buɗewa da alamar O_APPEND, wadda ke sa kanel ya kai kowane rubutu ƙarshen fayil a mataki guda. Amma wannan alkawari ba ya cika a kan NFS, inda kwamfutoci da yawa ke rubutu ta hanyar sadarwa. Haka nan manhajar da ke tara rubutu kafin ta zuba tana iya zubawa a tsakiyar layi, sai layin wata ya ratsa. Kulle fayil da flock kuwa yarjejeniya ce kawai, ba ta ɗaure wanda bai shiga cikinta ba. Takardun Python sun faɗa ƙarara cewa tsarin rajistarsu bai ɗauki nauyin manhajoji masu gudana dabam-dabam su yi rubutu a fayil ɗaya ba.

Sai batun juya rajista, wanda logrotate ke yi don kada faifai ya cika. Idan ya sauya wa tsohon fayil suna ya ƙirƙiri sabo, duk manhajar da ke riƙe da tsohon za ta ci gaba da rubutu a cikinsa har sai an aika mata sigina. Mai marubuci ɗaya sigina ɗaya zai aika, mai biyar kuwa dole ya tuna da biyar. Idan aka zaɓi copytruncate, wato a kwafe sannan a share na asali, layukan da suka shigo tsakanin kwafewa da sharewa sun tafi ke nan. Kowane ƙarin marubuci yana ƙara wata gaɓa da za ta iya tsinkewa.

6.0 Hanyoyin Gyara

A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka fayyace ƙa'idar da har yau ake tafiya a kanta: kowace manhaja a ba ta mafi ƙarancin ikon da zai ishe ta aikinta. Da wannan ma'auni aka auna hanyoyin da ke tafe.

6.1 Rukunin tarayya

A ƙirƙiri rukuni na musamman, a sa duk asusun da ke rubutu a ciki. A ba foldar wannan rukuni da lamba 2770. Lamba 2 da ke farko ita ce setgid, wadda ke sa duk sabon fayil ya gaji rukunin folda maimakon na wanda ya ƙirƙira. Sannan a mayar da umask na kowace manhaja 007 ko 002, don kada a zaftare izinin rukuni. Rauninta shi ne yawan sharuɗɗa. Manhaja ɗaya ta manta da umask, an koma gidan jiya. Sabon ɗan rukuni kuma ba ya samun ikonsa sai an sake tayar da shi. Tun da 'yan rukuni na iya rubutu a foldar, wajibi ne a hana root aiki a cikinta: a mayar da aikin jadawali ga asusun manhaja, a kuma yi amfani da umarnin su na logrotate don ya sauke ikonsa kafin ya shiga.

Akwai sigar da ta fi wannan aminci. A bar foldar a hannun root da lamba 750, a ƙirƙiri fayil ɗin tun farko da lamba 660, a kashe juyawar da manhajoji ke yi da kansu, a bar wa logrotate shi kaɗai aikin ƙirƙirar sabo da umarnin create. Da haka tseren dare ya ƙare, babu kuma mai iya musanya fayil da mai nuni. Abin da ya rage shi ne ikon sharewa. Ana iya toshe shi da chattr +a, wanda ke mayar da fayil na ƙari kawai, sai dai dole a cire alamar a kuma mayar da ita a duk juyawa.

6.2 Jerin izini na ACL

Da setfacl ana iya ambaton asusu da sunansa a ba shi izini, a kuma sa wa folda izinin gado da duk sabon fayil zai ɗauka. Idan akwai izinin gado, kanel ba ya duba umask, wannan kuwa ya kawar da babban raunin hanyar farko. Takardun Symfony, wani tubalin gina shafuka irin Laravel, suna ba da shawarar wannan hanya ga foldar rajistarsu. Sai dai manhajar da ta ƙirƙiri fayil da lamba 644 kai tsaye, ko ta yi masa chmod daga baya, tana danne izinin da aka rubuta a jerin. Ga kuma wuyar gani: alamar ƙari guda ɗaya ce kawai ke nuna akwai ACL a sakamakon ls, wanda ya gaji sabar yana iya wucewa bai lura ba.

6.3 Kowa da fayil ɗinsa

Sau da yawa abin da ake so shi ne a karanta rajista a wuri ɗaya, ba a rubuta ta a wuri ɗaya ba. In haka ne, kowace manhaja ta sami foldarta da fayil ɗinta mai lamba 640, rukunin masu dubawa ya karanta duka. A systemd, mai tayar da manhajoji a sabar Linux, layin LogsDirectory yana ƙirƙirar irin wannan folda ya miƙa ta ga asusun manhajar. Haɗa fayilolin bisa lokaci aiki ne mai sauƙi a ranar bincike, kuma wanda ya fasa manhaja ɗaya ba zai taɓa shaidar sauran ba.

6.4 Magatakarda ɗaya

Wannan hanya ta daɗe. A shekarun 1980 Eric Allman ya ƙirƙiri syslog don Sendmail, daga baya ya zama hanyar kowa. An rubuta bayaninsa a RFC 3164 a 2001, aka sabunta shi a RFC 5424 a 2009. Manhaja ba ta taɓa fayil ko kaɗan. Tana miƙa saƙonta ta ƙofar /dev/log, manhaja ɗaya tak, irin su rsyslog ko syslog-ng, ita ke rubutawa. Mai kai rahoto ba ya iya goge abin da ya riga ya kai, layuka ba sa cakuɗewa, sigina ɗaya ta isa a ranar juyawa. Ana kuma iya tura kwafi zuwa wata saba dabam, ta yadda ko an kame wannan, shaida tana can.

Journald na systemd ya ƙara wani abu muhimmi. Yana tambayar kanel lambar asusu da ta manhajar da ta aiko saƙo, ya liƙa a jikinsa, don haka mai aikowa ba zai iya fakewa da sunan wani ba. Manhaja kuma ba ta bukatar komai face ta zuba rubutunta a mafitarta ta yau da kullum, wanda shi ne abin da Docker ma ke tattarawa. Hanyar tana da nata nauyi. Journald yana zubar da saƙonni idan suka yi ambaliya fiye da iyakar da aka sa masa, syslog ta UDP ba ya tabbatar da isar saƙo, kuma idan magatakarda ya tsaya dole a san abin da manhajoji za su yi. Waɗannan duka abubuwa ne da ake saitawa sau ɗaya a wuri ɗaya, saɓanin izinin da ake bi manhaja bayan manhaja.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa kuskuren hana izini a rajistar tarayya alama ce ta rashin amsa tambaya guda tun farko: wa ke da alhakin ƙirƙirar wannan fayil? Inda ba a amsa ba, tsere ne ke amsawa. Ta nuna kuma cewa buɗe folda ga kowa yana tayar da shafi, amma yana zubar da darajar shaida, yana tona bayanan jama'a, kuma abubuwan da suka faru da Nginx da Tomcat da MySQL a 2016 sun tabbatar da cewa yana iya kaiwa ga rasa sabar ɗungurungum.

Bisa haka ake ba da shawara kamar haka. Sabon aiki ya fara da magatakarda ɗaya. Inda hakan bai samu ba, kowace manhaja ta riƙe nata fayil. Inda tarayya ta zama dole, folda ta zauna a hannun root, fayil ya zama na rukuni da lamba 660, logrotate kaɗai ya riƙa ƙirƙira. A kowane hali, kada root ya buɗe fayil a foldar da ƙaramin asusu ke iya rubutu.

Kira na ƙarshe ga malaman da ke koyar da wannan fanni ne a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Ɗalibi yakan koyi chmod a darasi ɗaya, ya fita da lamba 777 a matsayin maganin kowace cuta. A ba shi saba ta gwaji, a sa shi ya haddasa wannan matsala da hannunsa, ya gyara ta ta hanyoyi huɗun nan, ya faɗi abin da kowacce ta kare da abin da ta bari. Wanda ya yi haka sau ɗaya zai riƙe amanar rajistar da aka damƙa masa, ranar da aka zo neman shaida kuma za a same ta yadda aka rubuta ta.